Neman kalma: me za mu kira "histiriyonik" da Hausa?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Jibi za a naɗi shirin lafiya a kan lalurar nan da likitoci ke kira histiriyonik, har yanzu babu sunan da zan furta. Na rubuta "taɓin hankali na neman suna", kunnena bai karɓa ba.

Likita: Wa alaikumus salam. Fara cire "taɓin hankali". Mai wannan lalura yana cikin hayyacinsa, a halinsa matsalar take. Littafin DSM-5 na 2013, jagoran likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, ya jera alamomi 8, sai an samu 5 kuma sun daɗe tun farkon girma. Mutum ya takura idan ba shi ake kallo ba, ya riƙa jan ido da ado ko kwarkwasa, murna da kuka su riƙa sauyawa nan take, magana ta cika zuzutawa babu cikakken bayani, kowa ya iya juya masa ra'ayi, ya ɗauki sanin shanu a matsayin aminci. Shawarata: "lalurar ɗabi'a ta son a kula".

Malamin Hausa: Likita, kalma shida a suna ɗaya? Muna da "iyayi". Ciwon iyayi, shi ke nan. Ita kanta histrio, tushen kalmar histiriyonik, a Latin ɗan wasa take nufi. "Ɗabi'a" kuma Larabci ce, a ce "hali".

Hajiya: Malam, "hali" ma daga Larabci ya zo, "lalura" ma haka. Iyayi kuwa zagi ne. Wa zai je asibiti a rubuta masa ciwon iyayi? Ga shi mata aka fi jifa da kalmar, kamar kwarkwasa. Tarkon da Turawa suka faɗa ke nan da histeriya, tsohon sunan irin wannan lalura, wadda tushenta mahaifa ce a Girkanci, alhali maza ma suna da lalurar.

Malamin Hausa: Kullum sai likitoci su ga kalmar gida ba ta kai ba. Sai an jera jimla sannan a ce ilimi ne.

Likita: Ba raini ba ne, ranka ya daɗe. Mai iyayi yana iya bari idan ya so. Wannan bai ma ga matsala a halinsa ba, yawanci damuwa ko mutuwar zumunci ke kawo shi. Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Magani zaman tattaunawa ne da masanin halayya, watanni ko shekaru, a ƙayyade lokaci da iyaka tun zaman farko, a koya masa tsayawa ya faɗi takamaiman abin da ya faru kafin ya yanke hukunci. Ƙwaya sai in akwai ciwon damuwa ko fargaba. Inda ake tuntuɓe shi ne ya daina zuwa da zarar ya ji sauƙi. Sunan zagi zai ƙara korarsa.

Hajiya: A lura kuma, ICD-11, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, ya soke rarraba lalurorin hali suna-suna, tsanani ake aunawa. Kada mu kashe kanmu a kan suna.

Mai Shiri: To zan ce "lalurar son a kula", in yi bayani sau ɗaya a farko.

Malamin Hausa: Don shirin jibi, na bari. Amma "son a gani" ya fi shiga baki, kuma ban janye iyayi ba.