Karɓar imel inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa: kowa ya faɗi yadda ya yi

Malamin firamare: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa ƙauye, sabis sai na hau tudun bayan makaranta. Waɗanda suka sha irin wannan, yaya kuka yi da imel?

Ɗan fansho, Kaduna: Wa'alaikumus salam, Malam. Mu da layin tarhon ofis muka fara a ƙarshen shekarun 1990, da manhajar imel ta kwamfuta mai suna Outlook Express, a tsarin sauke wasiƙu da ake kira POP3. Duk wasiƙunka za ka rubuta layi a kashe. Sannan ka kunna modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya gama ƙugi, masu fita su fita, masu shigowa su sauko cikin kwamfuta, ka kashe ka karanta a natse. Tun asali don layi mai yankewa aka yi shi. Illarsa, in ba ka gyara saiti ba, abin da ka sauke ya bar sabar ke nan, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙun. Ranar da kwamfutarmu ta mutu, da wasiƙun ta tafi.

Hajiya mai atamfa, Kano: Baba, ku kun huta. Mu 'yan kafen intanet ne, tikitin awa ɗaya, shafin Yahoo na buɗewa kamar hawainiya. Kana dab da aikawa a ɗauke wuta, kafin a tada janareta rubutun ya tafi. Yaron kafen ne ya koya mini in fara rubutawa a Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, ina ajiyewa.

Ɗalibi, Gusau: Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, sai na fita jihar nake samun sabis. Manhajar Gmail ta waya ce ta rufa mini asiri: in rubuta amsa a gida ta zauna a layin fita, mota na shiga inda akwai sabis ta tafi da kanta.

Mai gyaran waya, Maraɗi: To ai dabarar Baba ce ta dawo, sai dai yanzu kwafin na nan a sabar ko wayar ta faɗa rijiya. Malam, ka bar buɗe imel ta burauza. Shafin Gmail mara nauyi da muke fakewa da shi an cire shi a 2024. A manhaja ka rage kwanakin wasiƙun da take saukewa daga 30 zuwa 7, ka hana hotuna buɗe kansu.

Ɗan fansho, Kaduna: Ban yarda duka ba, ɗana. Takardar da aka maƙala wa wasiƙa fa? Sau da yawa sai ka taɓa take saukowa. Malam, kafin ka sauko daga tudun nan ka buɗe kowace ka tabbatar ta shigo wayar.