Mabuɗi daban, lasisi daban: wane suna za mu ba lambobin manhaja masu araha?

Malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe, da ku masu sana'ar kwamfuta, akwai wata kalma da muka daɗe muna ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma hakan yana jawo wa mutane asarar kuɗi. Idan mutum ya ga talla a intanet cewa ana sayar da Windows 11 ko Office a kan 'yan daloli kaɗan, ya biya, aka turo masa haruffa da lambobi guda 25 waɗanda aka kasa biyar-biyar, abin da zai ce shi ne ya sayi lasisi. Mai gyaran kwamfuta a titin Beirut a Kano ko a Banex a Abuja shi ma haka zai gaya wa mai kaya, cewa ya sa masa lasisi. Turanci yana da kalmomi biyu a nan, "licence" da "product key", sannan yana kiran kasuwar da ake sayar da waɗannan lambobi masu araha "grey market". Mu kuwa mun dunƙule su duka ukun cikin kalma ɗaya, kuma wanda ya fi cin moriyar wannan dunƙulewa shi ne mai sayarwa.

Kalmar lasisi ba ta buƙatar canji, domin ta zauna daram a Hausa tun daga lasisin tuƙi da na bindiga, kuma ma'anarta a fili take: izini ne da mai iko ya ba wani takamaiman mutum a kan wasu sharuɗɗa. Haka abin yake a manhaja. Kamfanin da ya ƙera ta yana riƙe da mallakarta, kai kuma yana ba ka izinin amfani da ita a kan na'ura kaza, na tsawon lokaci kaza, domin aiki iri kaza. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Lambobin nan 25 kuwa abin da suke yi kawai shi ne su sa manhajar ta buɗe ta daina neman a tabbatar da ita.

Saboda haka shawarata ita ce mu kira su mabuɗin manhaja. Na ji wasu suna cewa lambar sirri, amma wannan suna ya riga ya zama na lambar da ake shiga asusun banki ko imel da ita, kuma ita mutum ne ke zaɓar abarsa yana canza ta in ya ga dama, saɓanin wannan da kamfani ke fitarwa. Wasu kuma sun fi son makulli, sai dai a bakin mutane da yawa makulli yakan ɗauki ma'anar abin rufewa da abin buɗewa duka, alhali mabuɗi ba ya ɗaukar ma'ana biyu. Babban abin da ya sa na fi karkata ga mabuɗi shi ne kowane Bahaushe ya san cewa riƙe mabuɗin ɗaki bai mayar da mutum ɗan haya ba. Yana iya zama tsohon ɗan haya ne ya sayar maka, ko mai gadi, kuma ƙofar za ta buɗe lafiya lau har ranar da mai gida ya canza kwaɗo, a ranar kuwa abin da za a tambaye ka shi ne takardar haya.

Kafin mu nemi sunan kasuwar, ya kamata mu san inda waɗannan mabuɗai suke fitowa, domin sunan da bai dace da asalin abu ba ba zai gargaɗi kowa ba. Microsoft, kamfanin da ya ƙera Windows da Office, yana fitar da lasisi ta manyan hanyoyi uku. Akwai wanda ake sayar wa mutum ɗaya a kanti ko a shafin kamfanin, wanda mai shi zai iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta ya mayar a sabuwa, kuma a Amurka farashin Windows 11 Home ta wannan hanya dala 139 ne, na Pro kuma kusan dala 200. Wannan za mu iya ce masa lasisin ɗaiɗai. Akwai wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suke sakawa tun daga masana'anta, wanda ke manne da wannan na'ura har ta mutu, sai mu ce masa lasisin masana'anta. Na uku shi ne wanda ake sayar wa bankuna da jami'o'i da ma'aikatu domin ɗaruruwan kwamfutocinsu. An so a ce masa lasisin sari, amma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin sari a Hausa saye ne da niyyar sake sayarwa, shi kuwa wannan lasisi yarjejeniyarsa ta keɓe shi ga ma'aikatar da ta saya. Lasisin ma'aikata ya fi dacewa da shi.

Daga wannan na ukun ne da yawa daga cikin mabuɗai masu araha suke zurarowa. Wani nau'insa mabuɗi ɗaya ne da aka ƙayyade masa adadin kwamfutocin da zai buɗe, sai wani ya fitar da shi ya riƙa sayar wa mutane barkatai, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, har adadin ya cika ko kamfanin ya gano ya toshe shi. Wani nau'in kuma yana aiki ne na kwana 180 kawai, sai kwamfutar ta sake tuntuɓar na'urar ma'aikatar kafin a sabunta mata, abin da ya sa wasu ke ganin komai na tafiya daidai har wata shida sannan saƙon gargaɗi ya dawo a gefen allo. Akwai kuma mabuɗan da ake ba masu rubuta manhaja domin gwaji kawai, da waɗanda aka ware wa ɗalibai, da waɗanda aka saya da katin bankin sata. Wannan na ƙarshe ba zato ba ne. A 2020 kasuwar intanet ta G2A ta amince cewa an sayar da mabuɗai 198 na wasan kwamfuta mai suna Factorio da aka samo ta haramtacciyar hanya a dandalinta, ta kuma biya kamfanin Wube da ya ƙera wasan dala 39,600.

To, me za mu kira irin wannan mabuɗi? Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce jabu, kuma ita ce na fi ƙi. Mabuɗin ba jabu ba ne, kamfanin ne da kansa ya fitar da shi, shi ya sa yake aiki. Idan muka ce jabu, mun miƙa wa mai sayarwa hujja a hannu, domin zai shigar da lambar a gaban mai saye, manhajar ta karɓa, ya ce ga shi ka gani na gaske ne, kuma a wannan gaɓar bai yi ƙarya ba. Na sata ma bai game duka ba, tun da wasu an saye su da kuɗi halal a ƙasar da farashi ke da sauƙi sannan aka fito da su.

Gwanjo ya fi jabu kusa, amma yana da nasa wurin da ya kamata a bar masa. A ranar 3 ga Yuli, 2012, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar kamfanonin UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisin dindindin yana da damar sake sayar da shi, muddin ya daina amfani da nasa kwafin, kuma ba a yarda ya yanyanka lasisin da aka ba shi na mutane da yawa ya sayar da ragowar ba. Saboda haka a Turai akwai lasisin gwanjo na halal, wanda mai sayarwa zai iya nuna takardun da suka bi sawunsa daga mai shi na farko. Wannan hukunci na ƙasashen Tarayyar Turai ne, kuma masu tallan mabuɗin dala 5 da ke fakewa da shi ba kasafai suke nuna wata takarda ba. Idan muka kira kayansu gwanjo, mun ba su rigar da ba tasu ba.

Mabuɗin aro ya burge ni da farko, domin yana ɗauke da ma'anar cewa mai shi zai iya karɓe abinsa kowane lokaci, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Matsalarsa ita ce aro da yardar mai abu ake yin sa, a nan kuwa babu yardar kowa. Abin da na tsaya a kai shi ne mabuɗin bayan fage, daga kasuwar bayan fage da kowa ya sani a harkar canji, inda kuɗin na gaske ne amma hanyar ba ta hukuma ba ce. Na san za a ce dalar da aka saya a kasuwar canji ta Wapa a Kano babu wanda zai kashe ta daga nesa, mabuɗi kuwa ana kashe shi. Gaskiya ne, kalmar ba ta faɗi komai ba, amma ta faɗi muhimmin abu, wato kayan gaske da suka biyo ta hanyar da ba tasu ba. Shi kuma aikin fitar da mabuɗin ma'aikata a sayar wa jama'a, muna da kalmarsa a labarai kullum: karkatarwa, kamar yadda ake cewa an karkatar da taki ko kayan tallafi.

Akwai abubuwa biyu da ma ba su kai matsayin mabuɗin bayan fage ba, kuma sun fi shi haɗari. Na farko shi ne tallan Office 365 na har abada, alhali Microsoft ba ya sayar da wannan kaya sai da kuɗin wata ko na shekara. Abin da ake ba mai saye shi ne sunan shiga da lambar sirri na wani asusu da ke ƙarƙashin wata makaranta ko ma'aikata, kuma mai kula da wannan ma'aikata yana da ikon canza lambar sirrin, ya rufe asusun, ko ya kai ga takardun da aka ajiye a OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft. Wanda ya zuba kundin digirinsa ko lissafin shagonsa a ciki ya ajiye su a hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Wannan asusun wani ne, kuma haka ya kamata mu riƙa kiran sa. Na biyu shi ne 'yan manhajojin fasa kariya irin su KMSPico, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne a kashe manhajar tsaron kwamfuta. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda ake cusa wata muguwar manhaja mai suna CryptBot a cikin irin waɗannan, tana kwashe lambobin sirri da bayanan asusun kirifto. Wannan satar fasaha ce kai tsaye, sunan da masana'antar finafinan Hausa ta daɗe da koya mana.

Amfanin raba waɗannan sunaye yana fitowa ne a lokacin ciniki. Mai saye zai iya tambaya cikin girmamawa: Malam, lasisi kake sayar mini ko mabuɗi, kuma na ɗaiɗai ne ko na ma'aikata? Amintaccen mai sayarwa zai amsa, ya rubuta a rasit mai ɗauke da sunan mai saye da sunan kayan, ya kuma bar shi ya sauke manhajar daga shafin kamfanin ya ɗaura ta a kan asusunsa na kansa. Wanda ya ce sai dai a sauke daga wata mahaɗa tasa, ko ya yi alkawarin musanya mabuɗi idan ya daina aiki, ya riga ya nuna cewa yana sa ran a toshe shi. Sunan kayan ma yana tona asiri, domin Office Professional Plus da Windows Enterprise ba kayan da ake sayar wa mutum ɗaya a kanti ba ne. Wanda aka riga aka saka wa Windows kuma zai iya buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta slmgr /dli, inda zai ga ko an rubuta RETAIL (na ɗaiɗai) ko OEM (na masana'anta) ko VOLUME (na ma'aikata), kuma ganin na ƙarshen a kwamfutar gida alama ce ta mabuɗin da aka karkatar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna zuwa da halastaccen lasisin masana'anta a jikinsu, domin tun daga Windows 8 a 2012 ake dasa mabuɗin a cikin babban allon lantarkin da ke cikin na'urar (motherboard) maimakon manna shi a takarda a ƙasanta. Da za a saka mata irin Windows ɗin da ta zo da shi, da kanta za ta tabbatar da kanta ta intanet ba tare da an biya ko kwabo ba. Sai a goge Home a ɗora Pro saboda sunan ya fi daɗin ji, daga nan kuma a shiga neman mabuɗin bayan fage domin a rufe ɓarakar da aka buɗe da hannu. Yanzu da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu neman sabuwar manhaja sun ƙaru, masu talla ma haka. Wanda aljihunsa bai kai ba yana da LibreOffice, manhajar da ke yin irin aikin Office, kyauta, yana da Word da Excel na cikin burauza waɗanda Microsoft ke bayarwa kyauta ga mai asusu, kuma babu ɗayansu da wani zai toshe masa saboda an karkatar da shi.

Kalmar da ta rage ita ce ta aikin da mabuɗin ke yi idan an shigar da shi. Masu gyara suna cewa kunnawa, amma kunna kwamfuta wani abu ne daban da kowa ke yi kowace safiya, shi ya sa nake ganin tabbatarwa ta fi, kamar a ce an tabbatar da Windows ɗin. Ina so in ji ra'ayin malamanmu na sassan Hausa a jami'o'i a kan wannan, da kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram waɗanda kwamfutocinsu ke magana da Faransanci, ko mabuɗin bayan fage zai shiga kunnen mai saye a kasuwanninsu kamar yadda zai shiga a Kano.