Yaya ake bambance tsofaffin waƙoƙinmu, na fada da na maza da na jama'a?

Ɗan Mandawari:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Masu tura waƙa a waya sukan zuba wa mutum tsofaffin waƙoƙi rututu, duk a jaka guda an rubuta mata "gargajiya". Shata da Ɗanmaraya kam ba sa ɓuya, amma da an shiga su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi sai kunnena ya ji su duk ɗaya. Me ake saurara a gane wannan kiɗan fada ne, wancan na 'yan dambe ne? Kuma akwai hanyar da za a san zamanin da aka yi waƙa?

Malam na Gwale:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye sunan mawaƙi tukuna. Tambaya biyu za ka yi wa kowace waƙa: da me ake kiɗan, kuma wa ake yi wa. A da makaɗi ba ya ɗaukar abin kiɗan da ya ga dama, gadonsa yake yi, kuma kowane abin kiɗa da mutanensa.

Fara da fada. Abubuwan da ake raka waƙar sarauta da su su ne kotso da taushi da jauje da banga. Kotso da taushi fuska ɗaya gare su, da hannu ake kaɗa su ba da makaɗi ba, kuma a tsakiyar fatar ana liƙa wani danƙo da ake kira nake, shi ke ba su wannan amo mai zurfi. Kotso yana da tsarkiya a jiki, ana matsa ta amo ya hau ko ya sauka. Taushi kuwa kamar akushi yake, amonsa a daddaƙe, ba ya lanƙwasa sosai. To in ka ji kiɗa mai taushi na tafin hannu, babu ƙarar sanda a kan fata, ga tarin maza suna amshi da murya ɗaya, kana fada. Tambari da kakaki da algaita ma na sarki ne, amma su aikinsu take da sanarwa, irin wanda kake ji ranar hawan sallah a Ƙofar Kudu, ba doguwar waƙa mai ɗiya (wato baitoci) ba.

A kotso akwai Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Sa'idu Faru wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu, da namu na nan, Abdurrahman Sarkin Kotson Kano. A taushi akwai Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Aliyu Ɗandawo, da Mamman Sarkin Taushin Katsina na zamanin Usman Nagogo.

Yadda za ka raba Narambaɗa da Ɗanƙwairo tunda duk kotso ne: saurari 'yan amshi. Wajen Ɗanƙwairo amshin cike yake, jagora bai gama sauke magana ba sun cafe, su ƙara nasu, wani lokaci ma su suke ɗauke da rabin ɗan waƙar. Muryarsa siririya ce, a sama take. Narambaɗa ya fi jan magana a natse, nauyin yana kan azancin, kuma kusan kullum Isa za ka ji ana ambata domin ubangida ɗaya ya riƙe. Ɗanƙwairo shi ya yi yawo, ya yi wa Sardauna, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero. Ya rasu a 1991.

Sai ginin waƙar. Akwai gindi, wato layin da ake dawowa kansa, akwai ɗiya da ake jerawa tsakani. A cikin ɗiyan za ka tarar da yabo da jero asali da zuga, sannan zambo da habaici. Wurin da sabon mai sauraro ke ɓata ke nan. In makaɗin fada ya shiga zancen kura ko biri ko wani mai ƙaton ciki da rawaninsa ya karkace, ba tatsuniya yake ba, wani ɗan sarki ne da ya nemi gadon bai samu ba. Ba a kama suna, amma duk wanda ke zaune a fadar ranar ya san da wa ake.

Baban Yakasai:

Malam ya yi bayani, sai dai ƙa'idar "abin kiɗa shi ke nuna aji" tana karyewa a kan kalangu, kuma rabin abin da ke cikin wayar yaron nan kalangu ne.

Kalangu asalinsa na mahauta ne. Fuska biyu gare shi, ƙugunsa a tsuke, ana rataya shi a sa a hammata, a doka da lanƙwasasshen makaɗi. Matsa tsarkiya da hannu shi ke sa ya bi hawa da saukar muryar Hausa har ya "yi magana", shi ya sa ɗan dambe yake jin takensa tun ba a buɗe baki ba. Ba shi kaɗai yake tafiya ba, akwai ɗan karɓi da kuntuku masu riƙe masa gindi. To wannan abu guda da shi Ɗan'anace ya yi wa su Shago kiɗan dambe, da shi Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta, da shi Gambu ya yi wa ɓarayi, da shi kuma Shata ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da duk wanda ya ga dama. Ka ga kalangu kaɗai ba zai gaya maka komai ba.

Abin da zai gaya maka shi ne zafin kiɗan da kalmomin. Kiɗan maza da sauri yake, ga kirari, ga zancen mutuwa da kushewa da makara, domin so ake a cire wa mutum tsoro ya shiga fage. Za ka kuma ji sanƙira yana kutsowa da ihu tsakanin ɗiya. Na Shata a shimfiɗe yake, amshin gajere ne, layi ɗaya ake ta maimaitawa, shi kuma yana zuba magana a kai yadda ta zo masa. Makaɗan fada a gida suke zama su tsara waƙa da yaransu kafin su kai ta gaban sarki. Shata a fili yake ƙera tasa, shi ya sa za ka sami waƙa ɗaya tasa a ɗauka uku, kowace da ɗiyanta daban. Kada ka goge biyu ka ce maimaici ne. An haife shi a Musawa a 1923, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a nan Kano a 1999, aka binne shi a Daura.

Masu tsirkiya sun fi sauƙi, ƙirga kawai za ka yi. Kuntigi tsirkiya ɗaya, ɗan ƙaramin abu ne da akan yi da gwangwani a rufe da fata, da ƙarfen ceɓa a kai mai kacau-kacau. Ɗanmaraya Jos ke nan, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ba 'yan amshi, kuntigin ne ke amsa masa. Gurmi na Haruna Uji na Haɗeja, ƙoƙo ne zagayayye, amonsa ya fi na kuntigi kauri. Garaya tsirkiya biyu, ta mafarauta da 'yan bori, tare da masu girgiza caki. Goge da kukuma su gogawa ake yi ba taɓawa ba: ƙwarya a rufe da fatar guza, tsirkiyar gashin wutsiyar doki, a shafa ƙaro don ta kama. Kukuma ƙanwar goge ce, muryarta ta fi tsini, ita ce ta su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka. Wannan kiɗan gari ne, na biki da gidajen rawa, kuma shi malamai suka fi tsangwama.

Hajiya 'yar Fagge:

Kun jero maza kun tsallake cikin gida. In ka ji amo mai ɗum-ɗum kamar daga cikin ruwa, to daga ruwan ne: ƙwarya ake kifawa a kan ruwa a cikin babban masaki ko baho, a doka da 'yan sanduna, ga wasu busassun ƙore a gefe masu ƙara a sama. Amada ke nan. Yawan iskar da aka bari a ƙarƙashin ƙwaryar shi ke saita amon, in ta tsage kuwa kiɗa ya mutu. Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta nan Kano su ne manya. Zancensu kishiya, haihuwa, sana'ar mace, da wasu maganganun da ba a yi don kunnen maza ba. Akwai kuma shantu, da waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa, waɗanda ba su da wani mawaƙi sananne domin na kowa ne.

Bandiri kuma kada ka sa shi a jakar makaɗa. Na zikiri ne, na 'yan Ƙadiriyya, irin wanda ake ji ranar maukibi daga gidan Ƙadiriyya a Kabara. Masu yinsa sha'irai ne, ba za su ji daɗi ka kira su maroƙa ba.

Ɗan Mandawari:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Malam. Saura zancen zamani. Sannan gaskiya Hausar su Narambaɗa rabi nake tsinta.

Malam na Gwale:

Sakkwatanci ne, kuma abu kaɗan ne ke tare Bakano. Inda muke cewa muka, kuka, suka, aka, su munka, kunka, sunka, anka suke cewa. "Wanda ya zo" ya koma "wanda yaz zo", "ta tafi" ta koma "tat tahi". Fa takan koma hwa, ka ji hwada maimakon fada. "Shina" shi ne "yana". Riƙe waɗannan, ka saurari gindin waƙar har ka iya rubuta shi, sannan ka bi ɗiya ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage na wuya sunaye ne na garuruwa da kakanni da dawaki, wannan kuwa sai da tarihin masarautar. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun rubuto matanin waƙoƙi da yawa tare da tarihin makaɗan, ka riƙa sauraro kana bin rubutun da ido.

Zamani kuma waƙar da kanta take tona kanta. In kyautar da ake godiya a kai fam ce da sule, an tsara ta kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. In ana zancen Sardauna yana raye, kafin Janairun 1966 ne. In an ambaci jam'iyyun NEPU da NPC, jamhuriya ta farko ce da 'yan shekarun da suka gabace ta, NPN da PRP kuwa daga 1978 zuwa 1983. En'e, wato hukumar gargajiya, da lardi tsohon tsari ne, jiha ba ta zo ba sai 1967. In an kira Ado Bayero da Sarkin Kano, tsakanin 1963 ne da 2014. Kyautar ma tana magana, doki da riga da kujerar Makka da mota ba zamaninsu ɗaya ba. Hattara ɗaya: ranar tsara waƙa daban, ranar ɗaukarta daban. Makaɗi yakan sake rera tsohuwar waƙa a gidan rediyo bayan shekara ashirin, ya cusa sababbin mutane a ciki.

Kada kuma ka yarda da sunan da aka liƙa wa fayil, sau da yawa duk mai kotso Ɗanƙwairo ake rubuta masa. Yawancin abin da ke yawo daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma daga wani kaset ko daga rediyo. In rikodar da ta kunna kaset ɗin lokacin kwafin tana gudu fiye da ƙima, murya takan sirance kiɗa ya yi gaggawa, har dattijo ya koma kamar yaro. In batirinta ya yi sanyi, akasin haka. Waƙar da ta yanke tsaye a wajen minti 30 ko 45, gefen kaset ne ya ƙare, C60 ko C90, akwai ragowarta a wani wuri. Wadda ta ƙare cif a minti uku da 'yan daƙiƙu kuma tana shashshaka, daga tsohon faifan garmaho take, makaɗin ne aka sa ya taƙaita don ta shiga faifai. Irin wannan in ka samu doguwarta ta gidan rediyon Kaduna, ajiye duka biyun, domin ɗiyan zambo galibi a doguwar suke.