Ina gwaggona za ta sa kanta in damina ta kankama?

Abban Sadiya, Gidan Igwai:

Assalamu alaikum. Shawara nika nema, kuma don Allah wanda ya san kan abin shi amsa mani.

Ƙanwar mahaifina ce ta baro ƙauyensu a yankin Sabon Birni shekara biyu da sunka wuce, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. Ta zo Sakkwato da ɗiya huɗu da buhun tufafi guda. Ni tela ne, ɗaki biyu gare ni da iyalina, don haka wata uku kawai ta yi wurina muka ga ba dama. Wani bawan Allah ya ba ta kangonsa a bayan gari ta zauna kyauta: bulo ya kai linta, ɗaki guda an rufe da kwano, ba ƙofa sai buhu da ta rataya. Can take surfe da wankau, babbar ɗiyar na tallar awara. To yanzu mai kangon ya samu kuɗi zai ci gaba da gininsa, ya ba ta wata biyu. Ban ga laifinsa ba, ya yi iya nasa.

Na zagaya da dillalai. Ɗaki guda mai bayan gida na haɗaka, kuɗin shekara ake so a dunƙule, ga la'ada a kai, kuma da an ji "mace ce da yara huɗu ba miji" sai fuska ta canza. Na tafi sakatariyar ƙaramar hukuma sau uku, kowane zuwa a ce mani wanda zan gani ya fita.

Tambayata: wai shin ƙaramar hukuma na da wani hakki a kan muhallin irin su gwaggona, ko kuwa gajiyar da ƙafafuna nike yi a banza? Kullum muna jin an gina gidaje a rediyo. Su wa ke shiga?

Malam Tsoho Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah shi jiƙan mamacin, shi saka maka da riƙon zumunci. Na yi shekara 31 ina aikin ƙaramar hukuma, bari in raba maka abin gida biyu.

Rukunin gidajen da kake ji, irin na Bado da Kalambaina da Arkilla, ba ƙaramar hukuma ta gina su ba. Na jiha ne ko na tarayya. Kuma tsarinsu na mai albashi ne, ana cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga abin da yake ɗauka. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ma haka yake: ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, daga baya ya nemi rance ta bankin ba da lamunin gidaje na tarayya. Mai surfe ba ta da takardar albashi, ke nan tun daga bakin ƙofa an bar ta waje. Filin cikin birni kuma, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, a hannun gwamna yake. Ƙaramar hukuma na iya ba da izinin mallaka na gargajiya ne a filayen karkara.

Amma kar ka bari kowa ya ce maka ba ruwansu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu, layi ɗaya da maƙabartu, akwai kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kula da su. Akwai magudanun ruwa, kwashe shara, da sa wa gidaje lamba. Abin da ke ƙona mani rai shi ne, a duk zamana ban ga an ɗauki wannan layin da nauyin da aka ɗauki na tara harajin kasuwa ba. Da muna cewa kuɗi na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. To a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, yanzu talaka na da bakin tambaya.

Ka daina zuwa da baki. Rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, uban ƙasa ya sa hatimi, ka kai sashen jin daɗin jama'a, ka ba kansilan mazaɓarku kwafi. Ka tsaya sai an buga maka shaidar karɓa a naka kwafin.

Maman Iman, Mabera:

Baba ya faɗi gaskiya, amma takarda ba ta tare ruwan sama. Wata biyu gobe ne. Ka kai ta Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Marayu da matan da mazansu sunka rasu su ne farkon waɗanda suke dubawa, kuma suna da kwamitoci a gundumomi. Ka kuma yi wa limamin masallacin Juma'arku magana. Maƙwabciyata haka aka tara mata kuɗin hayar shekara bayan sallah guda.

Sai dai ka kula da inda za ka kama mata ɗaki. Mai arha a garin nan sau da yawa a kwari yake. Mu mutanen Mabera mun san abin da watan Agusta ke yi: ka kwana kana kwarfe ruwa, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube cikin dare. Ka duba alamar ruwa a jikin bango kafin ka biya ko sisi.

Magini Bello:

Ni wurin da ban yarda ba shi ne yadda munka ɗauka gida sai siminti. Ga kamfanin siminti nan Kalambaina muna ganin hayaƙinsa, amma buhu ya fi ƙarfin talaka. Kakanninmu da tubali da azara sunka gina birnin ga, ɗakin ƙasa kuma ya fi sanyi a zafin Afrilu. In anka ɗaga harsashi da dutse da bulo layi uku, aka ɗora tubalin jan ƙasa, aka sa kwano mai baki da indararo mai kyau, ɗakin zai kai jikoki. Abin da ke rusa ginin ƙasa ruwan da ke kwanciya a gindinsa ne, wannan kuwa aikin magudana ne, wato aikin ƙaramar hukuma.

Da kowace cikin ƙananan hukumomi 23 za ta yanka fili a kan tudu kusa da hanya, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ja lambatu, ta raba ƙananan fulotai da sharaɗin ba a sayarwa, mutane da kansu za su gina ta hanyar gayya. Bayan ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya ci garuruwa, mun ga mutanen da sunka koma tudu sunka ta da ɗakunansu da hannunsu. Ni zan ba da kwana biyu a wata kyauta in anka fara.

Maman Iman, Mabera:

Malam Bello, sharaɗin nan na "ba a sayarwa" shi ne gaba ɗaya maganar. In ba mai unguwa da limami da matan unguwa sunka zauna a fili anka karanta sunaye ba, fulotan za su ƙare a hannun masu gida uku.

Abban Sadiya, Gidan Igwai:

Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Baba, jiya na rubuta takardar, mai unguwa ya sa hannu, ya ce akwai mata bakwai irin gwaggo a kangayen unguwarsa kaɗai, in haɗa sunayensu a takarda guda don ta fi nauyi. Haka zan yi. Ranar Litinin zan kai ta wurin uban ƙasa, daga can mu wuce ofishin zakka da gwaggo da takardun haihuwar yaran. Hajiya, ɗakin da dillali ya nuna mani a ƙasan hanya na koma na duba bangon. Alamar ruwa ta kai gwiwata, na fasa. Malam Bello, mai kangon ya ce zai iya ƙara mata wata guda in an yi masa aikin filasta da rangwame. Ko za ka samu lokaci mu je ka duba ranar Asabar?