Kira yana fitowa ta sifikar mota, amma waƙa da karatu sun ƙi: me kuka gani?

Baban Hanifa, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata 'yar Beljiyam ce, ƙirar 2009. Wayata tana haɗuwa da tef ɗin ta Bluetooth lafiya lau, in aka kira ni murya na fitowa ta sifikun mota tangaran. Amma da na kunna karatu ko waƙa sai sautin ya dawo bakin waya, mota ta yi tsit. Mai wayarin ya ce sai an canza tef gaba ɗaya. Kafin in kashe kuɗi ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa samu.

Mai gyaran tef, Kaduna
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka canza komai tukuna. Kira da waƙa ba hanya ɗaya suke bi ba, ko da yake duk Bluetooth ne. Na kira ana ce masa HFP, na waƙa A2DP. Motoci da yawa na shekarun da aka ƙera taka an ƙera su da na kira kawai, don a lokacin abin da ake so shi ne direba ya daina riƙe waya a kunne. Ka shiga saitin Bluetooth na wayarka, ka taɓa alamar da ke gefen sunan motar. In ka ga Media audio a kashe, kunna shi, magana ta ƙare. In babu shi sam bayan ka sake haɗawa, to tef ɗin ne bai zo da shi ba, kuma babu wani wayarin da za a ja ya kawo shi. Ka kuma danna maɓallin AUX ko MEDIA har ka ga BT Audio a allo. Mutane da dama sun zo shagona suna kan FM suna jiran waƙar waya ta fito. Wasu motocin ma sai an yi wa wayar rajista sau biyu, ɗaya a matsayin waya, ɗaya a matsayin na'urar kiɗa.

Maman Sadik, Zariya
Ni tawa ta ƙi karɓar wayar ne ma baki ɗaya. Ashe gurbin ya cika da wayoyin Turawan da suka hau motar kafin ta iso mana, sunayensu na nan jere. Ɗana ya goge su duka, ya goge motar daga wayata, muka haɗa sabo. Sai dai a yi shi mota na tsaye, don tamu ba ta yarda a haɗa waya tana tafiya.

Direban Kano zuwa Katsina
Alhaji, in ta tabbata tef ɗinka ba shi da na waƙa, akwai 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin caja, ta karɓi sauti daga waya ta tura wa rediyo ta FM. Da ita nake aiki kullum, fasinjojina na sauraron wa'azi har mu sauka. Matsalarta cikin gari ne. A Kano tashoshi sun yi yawa, in ka ajiye ta kusa da mita mai ƙarfi kamar 99.5 ta Freedom, sai ka ji muryar mai gabatarwa na kutsowa cikin karatu. Nemo inda rediyon ke shuuu babu kowa, can za ka ajiye ta. Wani abin da na lura: rediyon motar da ta zo daga Amurka yana tsallake lamba ne, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a 88.2. In ka saita na'urar a lambar da ba ya kamawa, za ka ɗauka lalatacciya aka sayar maka. Sautinta dai bai kai na Bluetooth na asali ba, wannan gaskiya ce.

Ƙanin Hajiya, Sakkwato
Yayyena, tawa daban ce. Waƙa na fitowa, amma tana yankewa, kuma maɓallin sitiyari ya daina tsallakawa zuwa ta gaba bayan wayar ta sabunta kanta. Yankewar ta tafi da na cire manhajar kiɗan daga cikin waɗanda tanadin batir ke kashewa, na kuma daina kunna hotspot a mota, tunda shi da Bluetooth kan yi cinkoso a zango ɗaya na 2.4 GHz. Maɓallin kuwa, a Android na taɓa Build number sau 7, Developer options ya buɗe, na mayar da AVRCP, wato tsarin da maɓallan mota ke sarrafa kiɗan waya da shi, zuwa 1.3, na kashe wayar na kunna. Tsohon tef ya fi gane tsohon yare. Wanda bai saba ba ya taɓa wannan layin kaɗai ya fita, kada ya yi ta latse-latse a wurin.

Maman Sadik, Zariya
Malam mai gyara, maƙwabcinmu na haɗa wayarsa da tef ta igiyar AUX, amma in ya taka totur sai wani siririn kuka ya riƙa tashi a sifika. Shi ma tef ne?

Mai gyaran tef, Kaduna
A'a Hajiya, kukan altanato ne, yana biyowa ta caja idan waya na caji kuma tana kan AUX a lokaci guda. Ya zare cajar ya taka totur, in kukan ya ɗauke to shi ne. Caja mai kyau kan rage shi, ko ƙaramar matatar sauti da ake sa wa tsakanin waya da AUX. Sannan ina jan kunnen masu cire kan batir don tef ya dawo daidai: wasu tef ɗin suna kulle kansu da zarar wuta ta yanke, sai an sa lambar sirri ta hana sata, kuma da yawa daga motocin da aka sayo na hannu ba su zo da takardar lambar ba. A duba littafin motar ko cikin aljihun gaba a tabbatar lambar na nan kafin a taɓa batir.