Shawarwari ga mai binciken tarihin boko da allo a zamanin Turawa

Malaman tarihi da suka tattauna yadda za a binciki tarihin boko da allo a Arewacin Nijeriya sun ce a fara da gyara shekaru, domin nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Hanns Vischer, Baturen da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewarta a 1922, ita ce ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa.

Inda suka fi jan kunne shi ne rahotannin Razdan da na Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Bature ne ya rubuta wa na gaba da shi, don haka in ya ce iyaye sun ƙi boko saboda jahilci, kada a kwafe haka nan. A nemi rubuce-rubucen ajami da waƙoƙin malamai a Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, a ji dalilin iyayen: tsoron makarantun mishan, da raba yaro da karatun Alƙur'ani.

Wasu sun ƙara da cewa a duba makarantar shari'a ta Kano ta 1934, wadda ta haɗa Larabci da tsarin aji.