Neman Shawara: Barewa ta ajiye ɗanta a bayan gidana, koyoti kuma na zagaye

Mai tambaya, jihar Ohayo a Amurka: Assalamu alaikum. Muna haya a ƙauye kusa da kurmi, maigida yana aikin dare, ni kuma na shuka yakuwa da kuɓewa a bayan gida. Tun hunturu nake zuba wa wata barewa masara saboda tausayi. A farkon Yuni na tarar da ɗanta kwance a ciyawa shi kaɗai, uwar tana buga ƙafa tana huci idan na matso. Da dare ina jin kukan koyoti, dabbar nan mai kama da dila, kuma jiya na gan shi kusa da lambun. Shin in ɗauke ɗan in kai shi gareji?

Alhaji, Mishigan: Hajiya, kada ki taɓa shi. Barewa takan ɓoye ɗanta na sa'o'i, ta dawo shayarwa sau kaɗan a yini, kuma kwanciyarsa shiru da ƙarancin warinsa su ne kariyarsa. Koyoti yana ciyar da 'ya'yansa a wannan lokaci, shi ya sa yake farautar jariran barewa. Masararki tana tara ɓeraye da barewa wuri guda, shi kuma yana bin su. A kudancin jiharmu an hana ciyar da barewa tun 2019 saboda cutar da ke lalata ƙwaƙwalwarsu.

Wata 'yar'uwa: Ni da ni ce, zan shigar da shi in ba shi madara, domin rai ne.

Alhaji: Madarar shanu tana sa shi zawo, kuma riƙe shi ba tare da izini ba laifi ne a yawancin jihohi.

Wani Malam, jihar Marilan: Ni ban ga abin tausayi ba. Bara barewa ta cinye mini alayyafo kaf, kaskar da take yaɗawa ta ciji yarona har aka yi masa maganin cutar Lyme.

Mai tambaya: Alhaji, masarar ba ta da yawa, kuma koyoti yana nan tun kafin in fara. Idan na daina yanzu, da me uwar za ta samu nono?

Alhaji: Ganye ya wadata a Yuni. Akwai shinge a gidan? Yaranki suna fita da magariba?

Mai tambaya: Zan jira maigida ya tashi mu yi magana, amma yau dai na riga na zuba.